Nasiha Ga Samari Da Ƴanmatan Ƙanƙara Da Faskari Da Sabuwa Game Da Yayi

Ya ku ƴaƴana da ƙannena, samari da ƴanmatan ƙasar Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, ina roƙon ku ba ni aron hankalinku, domin in yi muku magana a kan wani al'amari wanda dattawa suka saba ambatonsa da faɗa da tsawa, ku kuwa kuka saba jinsa da kunnen ƙashi, har aka daɗe ana maganarsa ba a fahimci juna ba. Wato al'amarin yayi, da ƙungiyoyin da yayi yake tara ku a cikinsu, tun daga majalisar bakin titi da gidan kallon ƙwallo, har ya zuwa waɗancan tarurruka da ba su da wani dandali sai fuskar waya.

Ku sani tun da fari, ni ba na cikin masu ganin laifin saurayi don ya nemi tsaransa, ko budurwa don ta so a san da zamanta, gama wannan ɗabi'a ce da Allah Maɗaukakin Sarki ya halicci ɗan Adam a kanta, kuma kakanninku da kuke gani yau da carbi a hannu su ma sun yi nasu tashen. A zamanin da, babu wani gari mai suna gari a wannan yanki da ba shi da sarkin samari, da fadawansa, da sarauniyar ƴanmata, har a wasu wurare samari kan naɗa wa junansu sarautu na kwaikwayon hukuma, da gwamna da alƙali da dogari. In kaka ta yi, aka ɗebe amfanin gona, sai a kafa kalankuwa, a yi dambe da kokawa, ƴanmata su yi gaɗa a dandali da farin wata. Ban ce duk abin da ake yi a wuraren nan halal ne ba, don kuwa malamai sun yi ta inkari a kan cuɗanyar maza da mata da wasu al'adu na lokacin, kuma sun yi gaskiya. Amma akwai wata siffa guda a cikin wancan tsari wadda nake so ku riƙe ta da kyau, domin a kanta ne dukkan maganata za ta ginu: shugaban ƙungiyar sananne ne, an san ubansa, an san ƙofar gidansu, in wani yaro ya yi ɓarna shi mai gari zai kira ya tuhuma, kuma ƙarfin da ƙungiyar ta tara ba ya fita daga gari, a nan yake ƙarewa, a gonar surukin da aka yi wa gayya, ko a rufin ɗakin tsohuwar da ba ta da ɗa, ko a yashe rijiya da gyaran maƙabarta.

Wannan tsari ba ku kuka rusa shi ba. Auduga, wadda saboda ita aka kafa gonar iri a Daudawa tun zamanin Turawa, aka kafa injin gurza a Funtuwa, jirgin ƙasa ya riƙa jigilarta, ta ja baya tun kafin a haifi mafi yawanku, ta tafi da kuɗin kaka da saurayi kan yi aure da su. Sa'an nan fitinar daji ta zo ta ƙarasa sauran. Mutanen Kadisau ba za su manta da abin da ya same su a watan Yuni na 2020 ba, duniya kuwa ta ji sunan Ƙanƙara ne a daren 11 ga Disamba na waccan shekara, sa'ad da aka shiga makarantar sakandaren kimiyya aka kora ɗalibai cikin daji da ƙafa, har sai ranar 17 ga wata aka sako 344 daga cikin duhun nan. Yaron da aka rufe makarantar kwanansa, gonar ubansa ta gagari zuwa, dandalin garinsu ya mutu tun da magariba saboda tsoro, in aka miƙa masa waya mai ɗauke da duniya kaf a cikinta, ba abin mamaki ba ne ya faɗa mata da ƙishirwa. Abin da ya wajaba a kansa shi ne ya san ruwan da yake sha, da kuma mai rijiyar.

Kada ku zaci ku kaɗai ne a cikin wannan hali. Ƙasar Indunisiya, wadda mutanenta suka haura miliyan 270, kuma tana cikin ƙasashen da suka fi kowace yawan Musulmi a duniya, samarinta suna fama da irin abin da kuke fama da shi, kuma akwai wani labari nasu da ya cancanci a tsaya a kansa. A tsakiyar shekarar 2022, wasu yara ƴaƴan talakawa daga garuruwan gefen birni, irin su Citayam da Bojonggede, suka riƙa hawa jirgin ƙasa mai araha suna zuwa unguwar Dukuh Atas a tsakiyar Jakarta, inda manyan ofisoshi suke, suna sanye da tufafin gwanjo da suka haɗa da hikimarsu, suna taƙama a kan hanyar tsallaka titi, ana ɗaukarsu a waya. Ba su nemi kome ba illa a gan su a birnin da bai taɓa kallonsu ba. Kafin a ce haka abin ya yi tashe, sai ga ƴan siyasa da taurari sun zo suna ɗaukar hoto a wurin, har wani kamfani na masu hali ya nemi ya yi rajistar sunan taron ya zama mallakarsa, sai da jama'a suka yi ca kafin ya janye. Bayan ƴan watanni kuwa yayin ya wuce, mafi yawan yaran suka koma inda suka fito, hannu rabbana. A can ɗin dai, caca ta waya da bashin waya sun ci samari har hukuma ta kafa kwamiti na musamman a 2024 domin yaƙi da cacar. Amma a birnin Bandung, tun wajen 2015, wasu matasa suka kafa ƙungiyar da suka kira ta hijira, suka shiga cikin ƴan tseren babur da ƴan wasannin titi, ba su ce su watsar da abokansu ba, sai dai suka jawo majalisar ɗungurungum zuwa masallaci. Samari iri ɗaya ne, ƙishirwa iri ɗaya, abin da ya bambanta shi ne wanda ya riƙe akalar taron da inda amfaninsa ya zuba.

To, mu dawo gida mu auna namu da wannan ma'auni. Na san ba ku manta da shekarar 2024 ba, lokacin da aka wayi gari saurayi da budurwa, har da magidanta, kowa ya duƙufa yana dangwalar fuskar waya dare da rana, ana cewa ana haƙar kuɗi, ana ambaton Hamster Kombat kamar sunan wani attajiri da zai raba gado. Da ranar rabo ta zo, a ƙarshen watan Satumba, abin da mafi yawan mutane suka samu bai kai kuɗin data da cajin da suka kashe ba. Kafin wannan akwai ƴan baiwa, masu jiran kuɗin intanet na Pi tun daga 2019, waɗanda aka riƙa gaya musu cewa ƙwaya ɗaya za ta kai dala 314,159, har wasu suka fara raina sana'ar hannunsu. Da aka buɗe kasuwarta a watan Fabrairu na 2025, farashinta bai wuce ƴan daloli kaɗan ba, daga baya ma ya gangaro ƙasa da dala ɗaya. Ni ba zan yanke muku hukunci a kan waɗannan kuɗaɗe na intanet ba, don malamai sun yi saɓani a kansu, kuma akwai ƴan ƙalilan da suka karanci fannin da gaske suka ci abinci da shi. Abin da nake jawo hankalinku gare shi shi ne, an ce muku kyauta ne, alhali kuwa ba kyauta ba ne: ku kuka ba da lokacinku da idanunku da sunayen abokanku da kuka gayyato, waɗansu mutane a wata ƙasa, waɗanda ba ku san fuskarsu ba, suka sayar da wannan taro naku ga masu talla suka karɓi kuɗi a hannu. Gayya aka yi, babbar gayya wadda ba a taɓa ganin irinta ba, amma a gonar wanda ba zai zo jana'izar ubanka ba.

Caca kuwa ba ta bukatar dogon bayani, don haramcin maisir a bayyane yake cikin Alƙur'ani mai girma, kuma sauya mata suna ba ya sauya mata hukunci. Kallon ƙwallo hutu ne, ban hana ku ba. Amma ranar da ka ga zuciyarka tana bugawa saboda takardar da ke aljihunka, ba saboda wasan ba, to ka san an riga an sa maka linzami.

Sai kuma son a gan ka, wanda shi ne jarin TikTok da ƴan'uwansa. Ibn Khaldun, a cikin Muƙaddimarsa, ya yi bayani mai tsawo a kan yadda wanda aka rinjaya yake kwaikwayon wanda ya rinjaye shi a tufafi da ɗabi'u, saboda zuciyarsa ta riga ta sallama cewa kamala tana wurin wancan. Kuma duk wanda ya dubi askin wasu samarinmu, da ɗamammen wando, da man sauya launin fata da ke cin fuskar ƴanmatanmu, ya san malamin nan bai yi kuskure ba. Abin da ya fi ba ni takaici a nan shi ne, a daidai lokacin da ɗan Sabuwa yake jin kunyar a ji harshensa na ƙauye, yana ƙoƙarin karya murya irin ta ƴan birni, su ƴan birnin sun ƙirƙiro wata rana a cikin bukukuwansu da suke kira ranar ƙauyawa, inda suke sa tsumma su shafa baƙi a haƙori suna dariyar mutanen karkara, har sai da hukumar tace fina-finai ta Kano ta haramta abin a 2025. Ku duba fa, ƴaƴana: masarar da ake lodawa daga kasuwannin Sheme da Dandume ita ke ciyar da masu wannan dariya. Babu aibi ga yaro ya ɗauki hoton gonarsa, ko ya yi wa mutane barkwanci mai tsabta, ko ya tallata ɗinkinsa, akwai ma masu samun halaliyarsu ta nan. Aibin yana inda mutum zai sayar da muru'arsa da kunyarsa domin adadin mabiya, waɗanda gobe in wani ya fi shi rashin kunya za su koma can su bar shi, hoton kuwa yana nan ba ya gogewa, zai jira shi ranar neman aure, ya jira ƴaƴansa.

Yanzu na zo kan wanda ya fi kowanne nauyi a zuciyata, wanda kuma samarin Kano da Kaduna ba su san shi kamar yadda kuka san shi ba. Daji ma ya zama yayi. Kun ga hotunan yara tsaranku, da rawani da baƙin tabarau, da bindiga a kafaɗa da jigidar harsashi, suna baje damman kuɗi a gaban waya, wani lokaci har suna cewa a turo lambar asusu za su yi kyauta, mutane kuwa suna turawa. Kun kuma ga yadda a tarurrukan sulhu da aka yi a wannan yanki a 2025 suka fito da makamansu a bainar jama'a, ana rububin ɗaukarsu a waya. Na san abin da Shaiɗan yake raɗa wa yaron da ya wuni bai ci ba in ya ga wannan: ga wanda ake tsoro, ga wanda manya suke zama da shi, ni kuwa ko sallamata ba a amsawa. Ina haɗa ku da Allah ku tsaya ku yi tunani. Kuɗin nan da ake rabawa, kuɗin fansa ne, gonar wani ce aka sayar, shanun wani ne, hawayen wata uwa ne wadda wataƙila a kasuwa ɗaya kuke cin abinci da ɗanta, kuma wanda ya karɓa yana sane ya yi tarayya cikin zalunci. Ku tuna Auwalu Daudawa, wanda ya jagoranci ɗaukar ɗaliban Ƙanƙara, sunansa ya cika duniya: a watan Fabrairu na 2021 ya miƙa makamai a Gusau ya rantse da Alƙur'ani, bai cika wata uku ba ya koma daji, kafin watan Afrilu ya fita kuwa harsashin wasu ƴan daji irinsa ya kashe shi. Duk tashen nasa, daga Ƙanƙara zuwa kabari, bai kai wata biyar ba. Kuma ba a fara shiga wannan hanya da bindiga. Ana farawa ne da ɗan aike, a ce sayo mana burodi, kawo mana mai, gaya mana wa ya sayar da hatsi jiya, sai yaro ya farka ya ga ya zama infoma, ya san abin da ba za a bar shi ya fita da shi da rai ba. Kowace ƙungiya da ƙofar shigarta take da faɗi, ta fita kuwa babu, ku guje ta ko da an shimfiɗa muku zinariya a bakinta.

Haka kuma ina yi wa masu tsaron gari nasiha, ƴan sa-kai da waɗanda gwamnatin jiha ta ɗauka cikin rundunar tsaron al'umma tun daga watan Oktoba na 2023. Kare rai da dukiya da mutunci wajibi ne, wanda ya mutu a kansa muna yi masa fatan shahada. Amma ranar da kuka fara kama mutum saboda kamanninsa ko harshensa, ba saboda hujja ba, kuka yanke masa hukunci a bakin kasuwa ba alƙali ba shaida, to kun haifa wa daji sabon soja daga cikin ƙannensa. Bahaushe da Bafillace a wannan ƙasa sun yi auratayya, sun yi sahu ɗaya a masallaci shekaru aru-aru, kada ku yarda a ce a hannunku wannan zumunci ya yanke.

Ƙwaya ita ce igiyar da ta ɗaure waɗannan fitinu wuri guda, da ita ɗan daji yake kashe tausayinsa, da ita ɗan kauraye yake fita, da ita ɗan siyasa yake sallamar yaran da ba nasa ba. An hana shigo da maganin tari mai kodin tun watan Mayu na 2018, amma tiramol da sholisho da wiwi ba su ɓace ba, kuma ban taɓa jin wanda ya fara sha shi kaɗai a ɗaki ba, kullum a majalisa ake miƙa wa mutum na farko. Ku mutanen Ƙanƙara kun san masu haƙar farar ƙasa: ko mutum bai taɓa diga ba, in dai ya wuni a bakin ramin, da fari zai koma gida. Saboda haka kada ka ce ai ni zama kawai nake yi da su.

Wani zai ce, to ai ni na tsira, tun da ƙungiyata ta addini ce. Madalla, amma a nan ma akwai abin lura, domin addini ma ana iya mai da shi yayi, a ɗage wando ko a rataya carbi, a haddace sunayen malaman da za a zaga, a wuni ana yaɗa guntayen raddi a waya, alhali mutum bai sauke Ahalari ba, bai gyara Fatiharsa a gaban kowa ba. Wannan yanki ba baƙon ilmi ba ne. Ga Ƴandoto nan kusa da ku, ta wajen Tsafe, garin da ɗalibai suka riƙa nufa daga nesa tun kafin jihadi, kuma Shehu Usmanu ɗan Fodiyo yana ɗan shekara ashirin ya fara wa'azi, jama'arsa kuwa cike take da matasa, sai dai matasa ne da suka durƙusa gaban malamai suka karanta littafi daga bango zuwa bango kafin su buɗe baki. Waya tana iya kawo maka muryar malami, ba ta iya kawo maka tarbiyyarsa, ba ta ganin kuskurenka balle ta gyara.

Ku kuma ƴaƴana mata, nauyin wannan zamani ya fi sauka a kanku, don abin da ake yafe wa saurayi ba a yafe muku, kuma da yawanku an cire ku daga makaranta saboda tsoron hanya. Kada wanda ba ku sani ba ya rinjaye ku da daɗin baki ku tura masa hoton da ba za ku so mahaifinku ya gani ba. Kuna da abin koyi a gida: Nana Asma'u, ƴar Shehu, ta kafa ƙungiyar Ƴan Taru, ta naɗa mata masu ilmi da ake kira jaji, suna ratsa ƙauyuka suna karantar da ƴan'uwansu mata, ba waya ba mota, har tsarin ya rayu bayan rasuwarta. Wadda Allah ya ba ta karatu a cikinku, ta tara ƙannenta biyar a tsakar gida.

Kun riga kun ga gwaji da idonku. A watan Satumba na 2021, gwamnatin Aminu Bello Masari ta sa aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi goma sha uku, ciki har da naku ukun nan, aka yi watanni sai mutum ya yi tafiya ko ya hau tudu kafin ya ji muryar ɗan'uwansa. Wahala ce babba, ta karya ƴan kasuwa da masu POS, ba na fatan ta dawo. Amma a watannin nan kowa ya ga abin da ke hannunsa na haƙiƙa, tela yana da kekensa, makaniken babur yana da sifanarsa, mahaddaci yana da Alƙur'aninsa a ƙirji, mai mabiya dubu kuwa ya nemi ɗaya daga cikinsu ya rasa.

Ba na ce ku watse daga majalisunku ba, don na san ba za ku watse ba, kuma bai kamata ku watse ba. Cewa nake ku mallake su. Majalisar da take da mutum goma sha biyar masu haɗa kuɗin shayi kullum, tana iya zaɓen shugaba da ma'aji daga cikinta, mutanen da aka san gidajensu, ta buɗe littafi, ta kafa adashi na mako-mako, kwasar farko a saya wa ɗaya injin aski, ta biyu a biya wa wani kuɗin jarrabawa, ta uku a haɗa a sayi buhun taki tun kafin damina ta sa shi tsada. Wanda ya iya waya a cikinku ya zama shi ne mai bin farashin masara da waken suya a Funtuwa da Dawanau, domin kada dillali ya ci da gumin iyayenku, ya koya wa sauran yadda ake cika takardar neman makaranta da neman aiki. Ku sa rana guda a mako ku ɗauki littafi ku tafi wurin malamin unguwa tare, ku kuma sanar da mai unguwa sunayenku da abin da kuka ƙulla, domin in an ga yaronku a inda bai dace ba a san wanda za a kira. In kuwa akwai wani a cikinku da kuka lura ya fara janyewa, yana amsa waya a ɓoye, kuɗi suna shigo masa ba sana'a, kada ku jira sai an kawo gawarsa ko an zo kama shi; ku zaunar da shi tun yau, ku biyu ko ku uku waɗanda ya fi jin nauyinsu, in ya ƙi ji ku tafi wurin kawunsa.